Uwar Bango da Baƙin Layi

Kowace safiya, kafin ta shigo ofis, sai ta tsaya a teburin mai jarida da ke bakin mararraba. Ba ta sayen komai. Gaisawa suke yi, ta tsallaka titi, ta juyo ta ƙura wa teburin ido daga can. Idan ta iya karanta sunan mujallarmu daga tsallake, ranar za mu sha shayi lafiya. Idan kuwa ba ta iya ba, kowa ya shiga taitayinsa.

Uwar Bango muke ce mata, mu ma'aikatan wannan mujalla ta waƙa da mawaƙa, domin shekara ashirin da shida ke nan ita ke tsara mana bangon mujallar. Sunanta yana shafi na uku, cikin ƙananan haruffan da sai mai neman rigima ke karantawa.

Ranar da na fara aiki ta kama hannuna ta ɗora a saman bango. "Taƙi ɗaya," in ji ta. "Mai jarida jera mujallu yake, wannan a kan wannan. Iyakar abin da mai wucewa zai gani ke nan. Duk iyayin rubutunka yana ƙasa a rufe." Sauran dokokinta suka biyo baya: idon mawaƙi ya kalli mai saye, suna kada ya hau goshinsa, kanun labarai kada su wuce biyar. Na ɗauka fitina ce kawai. A lokacin mujallun waƙa bakwai ne a teburin. Yau saura biyu, sauran waya ta cinye su, kuma ba don taƙin nan nata ba, da tuni mun bi sahu.

Mai injin buga mujallar har yau yana ba da labarin baƙin layi. Mun taɓa samun sabon shugaba mai son ado. Ya ga bangon wani fitaccen mawaƙi, ya ce ya yi fari da yawa. Tana fita cin abincin rana ya sa aka zagaye hoton da baƙin layi, aka tura wa injin. Bai sani ba, a wannan sana'a ba a yi wa mai rai baƙin layi. Na mamaci ne. Mawaƙin kuwa a makon yana kwance a asibiti, gari duk ya sani.

Ta dawo ta ga takardar gwaji a teburina. Ban taɓa ganin gudunta ba sai ranar. Mai injin ya ce ta faɗo masa da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kashe injin nan!"

"Yaya, oga ne fa ya ce..."

"Ogan ne zai je ya gaya wa uwar mutumin nan cewa ado ne? Tsohuwa ce, ba ta karatu. Layin kawai za ta gani. Kashe, na ce!"

Ya kashe. Bango dubu biyu suka tafi shara, shugaba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta. Mawaƙin ya warke, ya ƙara shekara tara yana waƙa, bai taɓa jin wannan labari ba.

Watan jiya mai jarida ya tare ni a hanya. "Ɗan'uwa, Yaya lafiya kuwa? Yau ta tsallaka, ta daɗe tana kallo, ta dawo tana yi mini faɗa wai ban fito da mujallarku ba. Ga ta kuwa a sahun gaba." Sai a lokacin na tuna yadda kwanan nan take kai fuska har jikin kwamfuta, tana cewa hasken ɗakin ne ba kyau.

Likita ya ce ƙari ne a bayan ido. Za a yi mata aiki ranar Alhamis, ranar da wannan fitowa za ta hau tebur. Ƙanwarta ta tambaye shi ko za ta ci gaba da gani. Ya ce a fara roƙon ta farka tukuna.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye wa masu karatu ba. Duk ofis ɗin tsoro muke ji. Idan waya ta yi ƙara, sai mu tsaya muna kallon juna, babu mai son ɗauka.

Ranar da za ta tafi asibiti ta kira ni gefen kujerarta. Ta san mun shirya sa hotonta a wannan shafi, karo na farko a shekara ashirin da shida. Ta lalubo inda ta adana baƙin layin a kwamfuta ta nuna mini.

"Ga shi nan. Idan abin ya zo da ƙarar kwana, siririn za ka sa, ba mai kaurin ba. Kuma kada sunana ya hau goshina."

"Yaya, don Allah ki bari."

"Kai dai matsoraci ne tun ranar da ka zo. Aiki nake koya maka."

Ta yi dariya, ta ja gyalenta ta tashi.

Ke ce idon wannan gida, Uwar Bango. Ke ce kika koya mana cewa bango ba ado ba ne, magana ce da mutumin da ke tsallaken titi, wanda wataƙila ko harafi ɗaya bai sani ba. Kin haskaka fuskoki ɗaruruwa, taki ba wanda ya sani. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan sana'a kuma, kafin ku ja layi a takarda, ku tuna da tsohuwar da za ta gan shi.

Ranar Alhamis da safe zan tsallaka titi in tsaya a wurinki, in duba ko sunan yana karantuwa. Aron wurin zan yi, ba gado ba. Inda kika nuna mini ɗin nan ban buɗe ba, Yaya. Sau bakwai na duba gefen hotonki kafin in bar injin ya tashi. Fari ne tas. Ki dawo ki duba da kanki.