Tsohuwar da ke Zuwa Barka

A shekarun mulkin farar hula kananzir ya yi wuya a Horo Birni, har muka daina kunna fitila. Bayan isha'i mukan taru a murhun Kaka Hajo, mahaifiyar Baba, tana tura karan dawa cikin wuta. Inna na da ciki na tara, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ita ma takan jingina da rumbu tana saurare.

Wani dare Kaka ta ba mu labarin wata mata mai haihuwa kowace shekara. Duk ranar suna, wata tsohuwa da ba a san garinsu ba takan shigo barka, ta zauna kusa da maijego, ta tafi da wani abu na jikinta.

"Da dare take zuwa?" in ji ƙanena Sani.

"A'a. Rana tsaka, da sallamatta. Yau ta ɗauki haƙori, baɗi ƙoƙon jini, wata shekara ta zare ɗan ƙashi ga ƙugu. Maijego ba ta jin komi. Sai ta tsuhwa, ta tashi ta miƙe, ta iske ba abin da za shi riƙe ta."

Na ce, "Kaka, ta taɓa shigowa gidanga?"

Sai ta kama yatsana ta sa a bakinta. Dasashi ne kawai, mai ɗumi. Na fasa ihu. Ba ta lallashe ni ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Kuma ta san hanya har yau." Baba na bayan zana yana ɗinke buhunan albasa, na ji ya tsaya cik. Da Kaka ta yunƙura ta tashi, na ga tabarmarta a jiƙe, ta yi maza ta ja zane ta rufe.

Ranar sunan jaririn Inna, na wuni a bakin ɗakinta ina kallon hannun kowace tsohuwa. Bayan arba'in Baba ya kai Inna gidansu a Sifawa, ya ce ta huta. Wannan ce haihuwarta ta ƙarshe.

Sai da na girma na kai Inna asibiti a Boɗinga, hawan jini ya kayar da ita, fitsari ba ya riƙuwa. Kafin ma'aikaciyar jinya ta taɓa ta, tambaya ta fara: haihuwa nawa, ɓari nawa, ko ta taɓa kumbura da ciki, ko naƙuda ta taɓa daɗewa. Inna na amsawa a kunyace, ni kuwa labarin Kaka na dawo mini. Ashe jiki bai manta ko ɗaya ba. Ashe kuma ba mu yara Kaka ke yi wa magana ba. Ɗanta take roƙo, kunya ta hana ta faɗa masa kai tsaye.

Yanzu 'yata Balki na da ciki, na goye bai fara tafiya ba. Jiya na ga sawun takalmi ya lotsa a ƙafarta. Gobe zan je wurin mijinta, in zaunar da shi, in faɗa masa a fili.