Ɗaki Na Uku

Shekarar da kogin Haɗeja ya ƙafe har jakuna suka riƙa tsallake shi da kaya a bayansu, ina da shekara tara. Ƙauyenmu yana kan hanyar Baturiya, kuma duk abin da muke ci daga ruwa yake fitowa: kifi, shinkafar fadama, ciyawar dabbobi. Da ruwa ya tafi sai maza suka bi shi. Babana da ƙannensa biyu, Baba Idi da Baba Garba, suka naɗe tarunsu suka nufi tafkin Chadi. Aka bar gidan a hannun kakata, Inna Dudu, tare da mata da mu yara.

Inna Dudu 'yar makiyaya ce, aure ya kawo ta cikin masunta. Gajeriya ce, siririya, bakinta kuwa ba ya hutawa. Ni take kira maigida. Da ta gan ni sai ta ce, “Maigida, yau ma ba cefane? Gobe alƙali zai raba mu.” Ni kuma in ce mata tsohuwar da ba ta da haƙori me za ta yi da cefane. Ta jefe ni da ƙwallon goruba, in gudu.

Bayan magariba takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da busasshen kashin shanu. Mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana bado da muka tono a busasshiyar fadama, wanda a shekarar shi ne rabin abincinmu. In ta gyara zama sai ta ce, “Na zo da ƙarya a ƙwarya, wa zai taya ni sha?” Mu ce mu ne. Daga nan labari ya tashi. Takan yi muryar kura har ƙananan su ɓuya a zanenta, ta yi tafiyar kunkuru da gwiwar hannu. Yunwa ba ta barin cikinmu, amma mukan manta da ita har wutar ta mutu.

Abu ɗaya ne bakin nan nata ba ya iya faɗa, shi ne sunan babana. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. “Wancan” take ce masa. Ko wani mai irin sunan ya shigo gaisuwa, sai ta ce mai sunan wancan ya zo. Ummata ita ma ba ta faɗar sunan, domin mijinta ne. Ni kuwa na taɓa faɗa sau ɗaya cikin wasa, Umma ta mare ni har leɓena ya fashe. Saboda haka a gidan nan mutum uku ne suka fi kowa kusa da shi, kuma cikin ukun ba mai iya furta sunansa.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Wani saurayi ne da littafi da biro, ya ce gwamnati za ta kawo hatsin agaji, buhu ɗaya ga kowane magidanci, ana rubuta sunaye. Hausarsa ta kasuwa ce, da ji ka san ba a cikinta aka haife shi ba. Wakilin mai unguwa da ke raka shi ya tsaya a maƙwabta yana raba wata gardama. Saurayin ya tambayi Inna Dudu magidanta nawa ne a gidan, su wane ne. Ta ce akwai Idi. Ya rubuta. Ta ce akwai Garba. Ya rubuta. Sai ta juya kai gefe, ta yi nuni da leɓe wajen ɗakinmu, ta ce, “Sai kuma wancan ɗakin.”

Kansa na kan littafi, bai ga nunin ba. Ya ce, “Shi ke nan, Mama?” Umma tana tsaye a bayan zana, goye da ƙanwata Ladi, ina jin numfashinta. Ni ina gefen turmi, sunan yana bakina, na haɗiye shi. Kowannenmu ya ɗauka saurayin ya gane, domin duk ɗan garin da ya ji “wancan ɗakin” ya san abin da ake nufi, zai je ya tambayi maƙwabci. Ya rufe littafinsa ya fita.

Mazan suka dawo bayan wata guda, hannu wofi, sun ce can ma ruwan ya janye. Kwana shida da dawowarsu motar hatsi ta iso filin makarantar firamare. Na bi babana. Ƙauyuka huɗu aka tara a wurin, ga rana, ga mutane sun rame idanu sun faɗa. An ɗauko wasu ƙarti an ba su dorina su tsare motar. Mai kiran suna ya hau tebur. Aka kira Baba Idi, ya ɗauki buhunsa. Aka kira Baba Garba. Babana ya matsa gaba yana gyara hula. Sai aka kira wani gida dabam.

Ya yi haƙuri har aka kusa gamawa, sannan ya je ya ce an tsallake shi. Mai kiran ya duba, ya ce gidan mutum biyu aka ba da, kuma tsohuwar gidan ce ta faɗa da bakinta. Ya ce ya jira, za a dawo a gyara. Buhunan da suka rage a motar ba su kai goma ba. Babana mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar kuwa sai ya kama ƙarfen motar ya haye, ya ɗora buhu a kafaɗa.

Dorinar farko a baya ta same shi, rigarsa ta tsage. Bai saki buhun ba. Ta biyu ta naɗe masa wuya. Ta uku ta zo ta gaba, na ji ƙararta a fuskarsa, ya faɗo daga motar da buhun a kansa, buhun ya fashe. Da mutane suka ga hatsi a ƙasa sai layi ya watse. Waɗanda ba su ji sunansu ba suka yi kan motar gaba ɗaya. Ƙartin suna duka ba sa duba mace ko tsoho. Wani ya ɗauki dutse ya fasa wa ɗayansu kai, ya zube, aka bi ta kansa. Malam Bukar, wani dattijo mai saƙar taru, ya sunkuya yana ɗibar hatsi a hularsa, aka ture shi, ƙafafu suka rufe shi, bai sake tashi ba. Direba ya tayar da mota ya ja, mutane na rataye a jikinta suna faɗowa. Da na isa wajen babana yana durƙushe, hannunsa ɗaya a kan idonsa na hagu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa, ɗaya hannun kuma yana tara hatsi da yashi yana zubawa a aljihu. Mata suka zauna a filin har la'asar suna tsintar ƙwaya, har da wadda jini ya taɓa.

Kwana uku Inna Dudu ba ta hura wutar magariba ba. Kullum da safe takan dafa ruwa da gishiri, ta zauna a bayan babana, ta miƙo hannu ta gefe tana wanke masa idon ba tare da ta dubi fuskarsa ba. A rana ta huɗu da magariba ta kira mu. Ba ta yi mini wasan cefane ba, ba ta kuma ce ta zo da ƙarya ba. Kawai ta fara.

Ta ce wata shekara kogi ya ƙafe, sai dorinar ruwa ta buɗe rumbunta da ke ƙarƙashin gurbi na ƙarshe, ta sa kada gadi. Ta yi shela kowace uwa ta zo ta kira 'ya'yanta, kowane suna ƙwarya ɗaya ta gero. A lokacin shamuwa ta fi duk tsuntsaye murya, in ta yi waƙa masu noma har ajiye fartanya suke yi. 'Ya'yanta uku. Ta kira na tsakiya, aka auna. Ta kira auta, aka auna. Da ta zo kan babban sai ta ce da wannan na bayana. Inna Dudu ta kumbura kumatu ta yi muryar dorina: “Ni ba na cin nuni, suna nake ji.” Shamuwa ta buɗe baki sau uku, sunan ya ƙi fita. Babban ɗan ya ga rumbu na shirin rufewa, ya faɗa ciki da kansa. Kada ya cafke shi, ya karya masa fiffike, ya fizge gashinsa, ya ƙwaƙule masa ido, ya wurgo shi kan yashi. Uwar ta tsaya a kansa. Sannan ta tashi ta sauka a kan aduwa, ta soka harshenta a ƙaya, ta ja da baya har ya tsinke. Shi ya sa har yau shamuwa ba ta waƙa, sai dai ta riƙa haɗa baki ƙwas-ƙwas, tana neman faɗar abin da ba ta faɗa ba. Inna Dudu ta ce, “Na sauke ta nan, mai iya ɗauka ya ɗauka.”

Ba wanda ya yi dariya. Ashe babana yana zaune a bakin ƙofar ɗakinmu, da tsumma ɗaure a fuska, ya ji duka. Can ya ce, “Inna, shamuwar nan ba ta yi laifi ba.”

Ba ta juya ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce da ni, “Maigida, gaya wa wancan ya shiga ciki. Hayaƙi ba ya yi wa ciwo kyau.”

Motar ba ta dawo gyara ba. Baba Idi da Baba Garba suka ɗebo mana daga nasu, amma kowannensu yana da bakuna da yawa, buhu biyu kuma ba sa zama uku. Nonon Umma ya ƙafe kafin ruwan farko ya sauka.

Ina yaro na ɗauka labarin gargaɗi ne ga ɗan da bai jira ba. Da na girma na gane tsohuwa ce take roƙon gafarar ɗanta ta hanyar da ta iya, shi kuma ya ba ta. Na daɗe a kan wannan fahimtar, har shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa ta rushe rabin gari. Bayan ruwan ya janye aka zo da sabon tallafi, na kuɗi da abinci ga gidajen marasa ƙarfi, aka ce matan gida za a rubuta. Wata yarinya mai na'ura a hannu ta tambayi matata Hauwa sunan mijinta da na 'ya'yanta. Hauwa ta ce maigidan ne, ga shi nan, sannan ta fara lissafo yara daga na biyu. Na sa baki na faɗi sunana da na babbar 'yarmu da ƙarfi, har yarinyar ta ɗago ta dube ni. Da aka liƙa takardar sunaye a bangon makaranta, na tsaya gabanta ban iya sanin ko muna ciki ba. A satin na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna.

Shekara biyu na yi kafin hannuna ya saba da biro. Na lura hannu ba ya jin nauyin da baki ke ji, domin na rubuta sunan babana, Musa, ba tare da na waiga ba. Yanzu rediyo na cewa za a faɗaɗa tallafin zuwa ƙarin ƙauyuka, ina kuma murna, domin na ga gidajen da ya raya. Amma duk ranar da masu rubutu suka zo, nakan bar aikina in bi su gida gida. In sun gama tambaya sai in dubi ɗakunan, in ƙirga, in tambayi maƙwabci na wane ne ba a ambata ba. A zagayen bara na tsamo gida biyar a unguwarmu kaɗai. Ban ce wa tsofaffinmu su bar kunya ba, don ba ita ta riƙe bulala ba. Yanzu wajen dorinar ruwan nan ta labarin Inna Dudu nake kai tunanina. Mai bayarwa da bai san yadda mutanen wuri suke magana ba, zai iya zuwa da mota cike da alheri ya tafi ya bar gawa a fili.

Abin da suna ɗaya da ba a rubuta ba ya ci mana a waccan shekara shi ne buhu ɗaya na hatsi, idon babana na hagu, haƙoransa biyu, akuyar Umma da tarun kamun kifi da aka sayar don magani, Malam Bukar mai saƙa, da ƙanwata Ladi, tana da wata goma sha ɗaya.