Yatsa Shida a Zangon Damagaram

Kawu Sha'aibu magini ne, ɗan magini. A Gumel, idan damina ta zubar wa mutum da katanga, ko azarar soro ta fara lanƙwasa, shi ake aika wa, domin masu ginin laka sun kusa ƙarewa, saura duk sun koma bulo da siminti. Dogo ne, siriri, ya ɗan rankwafa, shekarunsa sittin da 'yan kai. Idan aka ce masa ya gaji sana'a, yakan ce gado sai wanda uba ya zaunar ya koya wa. Shi a hannun bare ya koya.

Asalinsu wani ƙauye ne a bayan Ɗanzomo. Sunan mahaifinsa Usaini, amma kowa Cindo yake ce masa, saboda yatsa shida ne a hannunsa na dama, kuma ba a cire na shidan yana jariri ba. Cindo yana da wata al'ada: duk ɗakin da ya gama yaɓewa, sai ya danna tafinsa a saman ƙofa ta ciki tun lakar tana ɗanya. Ɗakin da aka haifi Sha'aibu ma akwai wannan tafi, kuma a kansa ya koyi ƙirga.

Sha'aibu yana shekara bakwai, bayan an kai amfanin gona gida, Cindo ya ɗaure kayan aikinsa ya tafi cin rani Damagaram, ya ce zai dawo kafin ruwan shuka. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi girbi, shiru. A shekara ta biyu ƙanen Cindo ya bi sawu, aka ce masa ai maginan ƙasar Gumel sun wuce Agadas tare da wani ɗan kwangila. Daga baya wani falke ya kawo labarin wai ya ji an ce Cindo ya yi aure a can. Ranar da wannan magana ta iso, Hannatu, mahaifiyar Sha'aibu, ta kwaɓa laka da kanta, ta taka turmi ta shafe tafin nan na saman ƙofa. Bayan shekara huɗu alƙali ya raba auren, ta auri wani mutumin Gumel ta taho da Sha'aibu, aka bar yayarsa Mairo a Ɗanzomo wurin baffansu. Har Hannatu ta koma ga Allah ba ta ƙara ambatar sunan Cindo ba. Idan magana ta kama dole, sai ta ce "wanda ya tafi".

Haka Sha'aibu ya tashi da fushin da ba shi ya ɗauko ba. Ya koyi gini, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya takwas. Autarsa Lauratu ta auri Habibullah, wani mai sayen dabbobi ɗan Damagaram da ke zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Da ta haifi ɗan fari, shekara uku ke nan da suka wuce, ta aiko cewa sunan ba zai yi mata daɗi ba idan Baba bai zo ba. Ya yi ta kawo uzuri, a ƙarshe dai ya shiga mota ta Maigatari, suka tsallaka iyaka.

Washegarin suna gida ya cika da mata, babu inda namiji zai zauna. Ya ce wa surukinsa zai ɗan miƙe ƙafa. Habibullah ya so ya tsayar masa da kabu-kabu, wato abin da mutanen Gumel ke kira acaɓa, amma Kawu ya ce magini da ƙafa yake ganin gari.

Ya fara da Birni, tsohuwar unguwar sarauta. Ya bi abin da ya rage na ganuwa, wani wuri ta kai tsayin mutum biyu, wani wuri ta zama tudun da awaki ke kwanciya a kai. Ga duwatsu manya-manya a tsakanin gidaje kamar giwaye sun durƙusa, an jingina ɗakuna a jikinsu. Ya hau tudu har gindin tsohon barikin da Faransawa suka gina. Akwai soja a ƙofa, don haka bai matsa ba, ya zagaya ta baya yana kallon kaurin katangar da 'yan ramukan da aka bari don bakin bindiga. Abin da ya zo masa a rai shi ne mutanen da suka ɗauko wannan ƙasa a ka suka hau da ita tudun nan, ko su nawa ne, ko daga waɗanne ƙauyuka. Babu wanda zai iya faɗa masa sunan ko ɗaya.

Daga nan ya gangara ya nufi Zango, unguwar tsoffin fatake. Nan ne tafiyarsa ta ragu. Lunguna ƙanana, gidaje masu bene na laka, fuskokinsu cike da zayyana, wasu fentin ya koɗe, wasu zankwayensu sun karye kamar haƙoran tsoho. Da yawa a kulle suke da kwaɗo mai tsatsa. Wani mai sayar da gawayi ya ce masa jikokin masu gidajen suna Yamai, wasu ma ba su san hanyar unguwar ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, duk inda ya duba sai ya ga sawun ruwa a bango, inda indararo ya faɗi aka rasa mai mayarwa. Yana tafe yana shafa katanga da tafinsa, yana gane wanda ya iya da wanda ya yi gaggawa.

Rana ta take tsaka, ƙafarsa ta gaji. Ya ga wani babban gida ƙofar zaurensa a buɗe, ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai ya shiga don ya sha inuwa. Ciki da sanyi da warin jemage. Da idonsa ya saba da duhun, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin, ya ce a ransa wanda ya ɗaure wannan ya san aikinsa. Ya huta, ya juya zai fita, sai ya ga tafin hannu a saman ƙofa.

Ya ƙirga yatsun. Ya sake ƙirgawa da bakinsa, kamar yaro. Shida.

Ya kai hannu zai dafa bango, sai ya ji bangon ba sumul yake ba. Ya duba. Tun daga ƙasa har iyakar inda hannun mutum zai kai, bangon kudu duka tafin hannu ne, wani a kan wani, ɗaruruwa, wasu sun nutse sosai, wasu sun zame kamar mai hannun ya gaji. Kowanne da yatsa shida.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba, sai ya ji takun sanda. Wata tsohuwa ce ta fito daga cikin gida, 'yar ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari. Suka gaisa. Ta ce sunanta Asama'u, ita kaɗai ta rage a gidan, a ɗaki ɗaya daga cikin goma sha bakwai. Tana amarya aka kawo ta, matar ɗan mai gidan ce. Ya tambaye ta wa ya yi wannan aiki a bango.

"Cindo ne, Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Wani bawan Allah daga Najeriya."

Ya ce ta ba shi labarinsa. Ta zauna a dakali, ta ba shi ba tare da ta tambayi dalili ba. A shekarar da aka kawo ta, surukinta ya sa a ɗaga benen gidan, Cindo na cikin maginan. Saura kwana kaɗan a gama, tsani ya zame da shi daga sama, kansa ya bugi dutse. Ya yi kwana tara bai san inda yake ba. Kafin ya farfaɗo abokan aikinsa sun wuce arewa, suna zaton ba zai tashi ba. Ya tashi, amma hankalinsa bai dawo daidai ba. Bai san garinsu ba, bai san me ya kawo shi ba. Tun kafin faɗuwar mai gidan ya taɓa jin ya ce shi mutumin Gumel ne, ya aika cikin garin Gumel har sau biyu a tambaya, aka ce ba a san shi ba. Sai aka bar shi a zauren nan, ana ba shi tuwo. Hannunsa kuwa bai manta ba. Kullum da safe zai kwaɓa laka ya yaɓe wannan bangon, ya danna tafinsa, ya ɗaure tsummokaransa ya ce ya gama, gobe zai tafi gida kafin ruwa ya sauka. Gari ya waye ya sake kwaɓawa. Shekara goma sha tara yana haka.

"Bai taɓa kiran sunan kowa ba, Hajiya?"

"Suna ɗaya ya riƙe. Duk namijin da ya wuce ta ƙofar nan, yaro ko saurayi, Sha'aibu yake ce masa. Har yaran unguwa suka mayar da shi Baban Sha'aibu." Ta karkato kai ta dube shi da idonta mai gani. "Malam, ka san shi ne?"

Sai wani abu ya taso masa wanda ya yi kusan shekara arba'in bai tuna ba. Ba wannan ne zuwansa Damagaram na farko ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya taɓa rako wani abokinsa Ɗantala sayen tabarmi, kwana ɗaya suka yi. Suna ratsa wani lungu sai wani mutum mai tsumma, laka har gwiwar hannu, ya miƙe daga bakin wani zaure ya kira shi: Sha'aibu. Ya waiga da mamaki. Ɗantala ya ce ai ya ji ina kiranka ne, mahaukata akwai kunne. Suka yi dariya. Mutumin ya biyo su 'yan taku yana miƙo hannu, Sha'aibu ya ciro ɓarin goro ya jefa masa, bai ko dubi hannun ba, suka sha kwana.

Ya zauna a ƙasan zauren, ya rufe fuska da hularsa. Can ya ɗago ya dubi Asama'u. Da ya gaya mata sunansa, sai ta yi salati a hankali, ta shiga ciki ta kawo masa ruwa a kwanon sha. Ta ce Cindo bai wulaƙanta ba, da ya rasu a wata bazara mutanen unguwa sun yi masa sutura kamar nasu. Bayan la'asar ta sa wani dattijo maƙwabcinta ya raka shi maƙabarta. Dattijon ya nuna masa wani sashe da hannu, ya ce a tsakanin nan ne, daga waccan bishiya zuwa wancan dutse. Kaburburan duk sun baje sun zama ƙasa ɗaya. Kawu ya tsaya ya yi addu'a ga duk wanda ke wurin.

Kwana uku ya yi niyyar yi, ya yi goma sha ɗaya. Rufin zauren yana yoyo ta kusurwar gabas, ya nemo azara biyu ya canza, ya toshe tsagar, ya mayar da indararo. Bangon kudu bai taɓa shi ba. Lauratu ta yi ta tambayar abin da ya haɗa Baba da gidan mutane, ya ce mata aikin lada ne. Sai ranar da zai taho ya kai ta zauren, da jaririn a bayanta, ya nuna mata, ya ce kakanta ne.

Da ya dawo bai sauka a Gumel ba, ya zarce Ɗanzomo wurin Mairo, wadda ta tsufa ƙwarai, ita kuma ta fi shi tuna fuskar mahaifinsu. Ya gaya mata tsanin, da zauren, da bangon, da yadda kullum yake shirin tahowa gida. Ta yi kuka mara sauti, ta ce ashe Inna ta tafi da haushin wanda bai yi mata laifi ba. Can ta share ido ta ce, "To a duk shekarun nan, babu wani namu da ya taɓa gilmawa ya gan shi?"

"Allah bai nufa ba, Yaya," in ji shi.

Maganar goron nan mutum ɗaya ya taɓa gaya wa, limamin unguwarsu, wanda ya ce masa abin da mutum bai sani ba Allah ba ya kama shi a kai. Kawu ya yarda da haka, ya yi godiya.

Har yanzu yana gini, ko da yake 'ya'yansa sun hana shi hawa sama. Masu aiki tare da shi sun lura da wani abu da bai saba yi ba. Wani lokaci da tsakar rana, ana cikin kwaɓa laka, sai ya tsaya cak, ya waiga bayansa ya ce, "Na'am?" Su dubi lungun, babu kowa. Ya ɗan jima yana kallon wurin, sannan ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.