Ƙugiyar Baba Mai Gashin Zabo

Ina ofis ranar Litinin da hantsi, maƙwabcinmu Bawa ya jingine kekensa a bakin taga, ya ce, "Sani, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk Rafin Guza an san mahaifina, Malam Audu, da ɗinki. Masu zuwa bakin Kogin Kaduna kuwa da ƙugiyarsa suka san shi. Bai taɓa sa mata tana ba. Gashin zabo yake ɗaura mata da ragowar jan zaren ɗinki, har ta yi kama da ƙwaron da ya faɗa ruwa. Idan ruwa ya yi ja da damina, sai ya koma ɗaura farin gashin zakara. Wani Bature da ya yi wa ɗinki tun kafin mulkin kai ne ya nuna masa, shi kuma ya gyara ta daidai da kifin garinmu. Yakan ce, "Kifi ba wawa ba ne. In ka yi gaggawar ɗauri, zai gani." Kifin da ya kamo kuwa, rabi na maƙwabta ne.

Bara idonsa ya yi rauni. Ya ce mini, "Ka zo ran Asabar. Ni in faɗa, kai ka ɗaura."

Ni kuwa na zama akawu, ina jin kunyar a gan ni da gashin kaza a hannu. Na sayo masa ƙugiyoyin kanti masu ƙyalli, na ce, "Baba, waɗannan sun fi." Ya shafa su da yatsa, ya ce, "Allah ya yi albarka." Ran Asabar ban je ba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma na ji daɗin hakan.

Sai ranar sadakar uku Inna ta gaya mini cewa kowace Asabar yakan sa ta jera masa gashi da zare a faifai, ya zauna a zaure har la'asar, sannan ya ce ta kwashe.

Ina fitowa Bawa ya tare ni. "In an kwana biyu ka ɗaura mini ƙugiya guda. Ai Baba ya ce hannunka ya fi nasa."

Na kasa ɗaga kai. Har Baba ya bar duniya yana rufa mini asiri.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna da ƙannena haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi, domin ban nemi gafararsa ba.