Furar da Maccido Ya Mayar

Baffana Maccido mutumin Rara ne, manomin albasa, kuma in ka ga haƙora nai to goro shika ci. A shekarun da Bature ya ce gaisuwa, wato ɗan abin da talaka ke miƙa ma ma'aikaci kafin a dube shi, ta yi yawa a En'e, sai anka buɗe wani ɗaki a Rabah don a hana ta. Ma'aikata biyu ne: malami mai rubutu, da mai bin kasuwanni shina sa ido. Anka nemi wanda ba shi da abokai da yawa. Ba a sha wuyar nema ba.

Anka ba baffa bin kasuwannin, da jaki da doka guda: kada ya amshi komi daga hannun kowa. Ya riƙe ta kamar farilla. Wurno, Giyawa, Boyekai, da gorar ruwa nai shika yawo. Ko inuwar rumfar mutum bai zama, wai ita ma ta wani ce. Kai, baffa!

Wata ranar kasuwar Goronyo ya iske malamin awon auduga shina amsar zabbi. Malamin kuwa Attahiru ne, mijin Goggo Tani, yayar baffa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Da azahar ta aiko mishi da fura, kamar yadda ta saba duk ran da ya shigo gari. Ita ko labarin zabbin ba ta ji ba. Baffa ya dubi ƙwaryar, ya ce a mayar.

Ta yafa mayafi ta taho da kanta.

"Maccido, mi na yi maka?"

"Yaya, aiki ne. Mijinki na cikin magana."

"To, furar ma ta shiga maganar?"

"Doka ba ta ware fura ba."

Wallahi har gobe haushin wagga amsa nika ji. Mutum ya mai da abincin wadda ta goye shi, gaban 'yan kasuwa? Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gida.

Attahiru dai an ja mishi kunne, ya koma bakin sikeli nai. Bayan damina biyu anka rufe ɗakin, don an iske rago ɗaure bayansa, malamin mai rubutu kuma ya kasa tuna mai shi. Baffa ya mai da jaki, ya nufi Goronyo a ƙasa, ya durƙusa ƙofar ɗakin yayarsa.

Ta shimfiɗa mishi sabuwar tabarma, ta koma gefe ta rusuna.

"Ranka shi daɗe, an zo lafiya?"

"Yaya, ni ne fa, Maccido."

"Na gani, ranka shi daɗe."

Shekara goma sha shida ta yi bayan nan. Ta je sunan 'ya'ya nai, ta je jinya tai, ba ta taɓa ɗaga mishi murya ba. Ran da munka dawo daga binne ta, baffa ya zauna a zaure ya ce min, "Na so ko sau ɗaya ta zage ni."