Layin Ƙasa na Takardar Baba

Baba direba ne. Tun kafin a haife ni yake jigilar 'yan kasuwa tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi, kuma ba ya ƙaunar a yi masa zancen ajiye mota. Da ya fara afka wa ramuka, yayyena suka ce ya huta haka. Ni kaɗai na tsaya masa, har na yi cacar baki da babban wanmu. Na ce tabarau kawai yake bukata, wane ne idonsa ba ya gajiya?

Ya je asibiti aka auna shi. Ya dawo ya miƙo mini takardar likita a ninke, ya ce in je in sayo masa tabarau.

Mai shagon tabarau dattijo ne mai haƙuri. Ni kuwa ba na sayen abin da ban gane ba, sai na ce ya karanta mini.

"Wanga layi na bisa, idon dama ne, Malama," in ji shi. "Ɗan zanen da ag gaban lamba na nuna ba ya hangen nesa sosai. Lambar kuma ƙarfin gilashin da za a sa mai."

"To na ƙasa fa? Ban ga lamba ba."

"Na hagu ke nan. Likita bai rubuta ba, don babu gilashin da ka taimakon shi. Farin gilashi za mu sa, tabarau dai shi daidaita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin Baba, na fi jin haushin kaina. Mota cike da mutane da buhuna, ga hanyar da ba a tsayawa ko ina, shi kuma da ido ɗaya!

Da aka haɗa tabarau, na iske shi a ƙofar gida yana duba man mota. Ya sa, ya dube ni, ya kau da kai.

"Ya karanta miki?"

"Ya karanta, Baba."

"Shekara ukku ke nan," ya ce a hankali. "Kullum nika cewa gobe in hwaɗi."

Na shirya faɗa tun daga shago. Amma sai tausayinsa ya kama ni. Ya rufe bonet, ya goge hannu da tsumma, ya ciro makullin motar daga aljihu ya damƙa mini.

"Ki aje, ɗiyata. In yana wurina, ran kasuwa sai na hita."