Ranar da Na Kira Sunansa

A gidan da na tashi a Sandamu, mace ba ta kiran sunan miji. Uwata ta tsufa a ɗakin ubana ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko maƙwabci ne mai irin sunan, sai ta kewaye ta ce "mai sunan Malam". Da aka kai ni nawa ɗakin, haka na ɗora. Mijina Malam ne, ko maigida, ko kuma "shi" kawai idan ina jin haushinsa. 'Yar farinmu kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari ce, kuma a lokacin har alfahari nake yi da yadda na iya ta.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, yarinyar tana da shekara uku, maza suka haukace da maganar wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Wai wata ƙungiya ce daga kudancin ƙasar nan za ta kara da Larabawa. Mako guda cur ba a yi mini wata hira a gida ba sai ta ƙwallo. Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba, shi ne ke dukan ƙirji yana cewa "mu" za mu ɗauki kofi. Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a bakin titi, ƙungiyar ta garinsu ce. Shi ya kafa rumfa a bayan shagonsa, ya rufe ta da buhuna don hoto ya fito sosai, ya ajiye talabijin da janareta, ya ce ranar kowa ya zo.

Ranar wasan yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Malam ya taɓa goshinta, ya ce in ba ta maganin da ya rage na wancan karon, zai dawo kafin magariba. Surukata ta tafi biki garin Babban Mutum, ni kaɗai ce a gida. Ana idar da la'asar ya tura babur ɗinsa waje. Na ce masa a dawo lafiya, da irin muryar da duk mai kunne ya san ba haka nake nufi ba, amma hankalinsa ya riga shi fita.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji wani ɗan sauti daga ɗaki, kamar ana shaƙe kaza. Na leƙa. Tana kan tabarma ta sanƙare, idanu sun juye sai fari, haƙora sun datse, hannuwa suna karkarwa. Na yayyafa mata ruwa, na tofa duk addu'ar da ta zo bakina, na girgiza ta ina cewa "ke, ke!" Ba ta san ina yi ba. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Na rasa ma inda na ajiye zanen goyo alhali yana kafaɗata.

Na goya ta, na zura hijabi, na fita ba takalmi. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita da rana tsaka ba tare da izini ba. Asibitin da zai iya da irin wannan yana Daura, kuma ba a zuwa da ƙafa. A mahaɗar da 'yan acaɓa ke tsayawa babu ko mutum ɗaya. Ko da akwai ma, a kwanakin nan sai mutum ya waiga hagu da dama kafin ya ɗauki matar da ba tasa ba. Babu wanda zai kai mu sai ubanta, kuma na san inda yake.

Babura sun yi jere a gaban shagon kamar ranar kasuwa. Na gane namu da kujerarsa, don ni na ɗinke ta da zaren buhu. Janareta na ta ruri. Na tsaya a bakin rumfar na yi sallama sau uku, kamar wadda ta zo aron turmi. Ba wanda ya amsa. Na ɗaga buhun ƙofa. Ciki duhu, zafi, warin gumi, ga ƙeyoyin maza da huluna jere-jere har gaba, kowa ya kafa wa akwatin ido. Daga baya na ji cewa lokacin an tashi wasa ba wanda ya fi wani, an shiga bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Na ce, "Malam."

Kai biyar ko shida suka juyo, babu nasa a ciki. Wani dattijo da ke kusa da ƙofa ya zare ido ya ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah, me kike yi a nan? Nan wurin maza ne."

Na ce, "Yarinyar nan ce ba lafiya." Kafin in rufe baki aka jefa ƙwallo a raga, rumfa ta ɗauki ihu, maganata ta bi iska. Dattijon ma ya juya.

Abin da na yi bayan wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Na saki buhun, na ja da baya, na tsaya a waje. Ina goye da yarinyar da ke mutuwa, ina tunanin me za a ce. Za a ce matar wane ta shiga cikin maza. Za a kai wa uwata labari. Na tsaya ina jiran wani ya fito in aike shi, a ranar da ko gobara ce ta tashi ba mai fitowa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. Na ji ihu sau biyu, na ji salati sau ɗaya.

Sai yarinyar ta sake miƙewa a bayana, ƙeyarta ta bugi gadon bayana, na ji ɗumin fitsarinta yana bin ƙafata. Daga nan kuma ta saki, ta yi laƙwas. Na daina jin numfashinta a wuyana.

Ban san yadda na tsallake ƙafafun mutane ba. Na dai tsinci kaina a gaban talabijin, na tare hoton gaba ɗaya, ana ta "Kai! Kai! Wace ce wannan?" Na buɗe baki na kira sunansa. Sunan yanka, har da na ubansa, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Wurin ya yi tsit, sai rurin janareta. Ashe yana benci na biyu, kusa da ni ƙwarai. Ya miƙe hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ɗaga hijabin ya dubi fuskarta.

Mai shagon ne ya fara motsi. Yana sanye da rigar ƙungiyar garinsu, saura bugu ɗaya ko biyu a san mai kofi, amma ya laluba aljihu ya fito da makullin a-kori-kurarsa. Ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwa, "Bar babur, babur ba ya yi. Madam, shiga gaba, riƙe shi da kyau."

Muna hawa titi muka ji rumfar ta fashe da wani irin ihu a bayanmu. Mai shagon bai waiga ba, bai tambayi wanda ya ci ba. Na kwanto ta na rungume, Malam yana baya a tsaye yana buga rufin mota wai a ƙara gudu. Tunda na riga na karya doka ɗaya, sai na karya ta biyun. Na sa bakina a kunnenta na kira ta da sunanta, sunan da aka raɗa mata ranar suna ban taɓa furtawa ba. Na yi ta kira tun daga Sandamu har ƙofar asibiti, ba ta amsa ba.

Aka yi mata allura, aka ɗaura ruwa, aka ce zazzaɓin ne ya hau kai. Kwana uku ina zaune a gefen gadon ina kallon ƙirjinta, in ya ɗaga in yi numfashi, in ya jinkirta in miƙe. A rana ta uku da hantsi ta buɗe ido ta ce tana son koko. Malam ya fita waje da sauri, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya zauna a ƙasa ya ce, "Da na ji sunana a bakinki, wallahi na ɗauka ta rasu." Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba. Surutun gari kuwa an yi shi, har uwata ta aiko a tambaye ni ko aljanu ne suka buge ni. Na ce a gaya mata e.

Sai bayan wata biyu muka lura in an yi mata magana ta hagu ba ta juyowa. Muka koma Daura. Likita ya ce kunnen ya tafi, irin wannan zazzaɓin yakan yi haka. Na tambaye shi, da an kawo ta da wuri fa? Ya ce wannan sai Allah. Na yarda sai Allah, amma ni na san tsayuwar da na yi a bakin rumfar nan, kuma na san dalilinta.

Yanzu ta yi aure, tana da nata 'ya'yan. In ta zo gida tana tsakar gida ta ba ni baya, "ke" ba ya isa gare ta. Sai in zagaya ta dama in kira ta da sunanta, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunyar ɗan fari. Ba na musu da su. Ina kira, tana juyowa.